Roƙon Iri a Woolwich

Ku yaran nan da kuke biyo ni bayan an tashi daga coci kuna leƙa mini shed, 'yar rumfar nan ta bayan gida, ku samu wuri ku zauna, tunda kun ce abin ba wuya. Ran Lahadi ɗayanku ya nuna mini a waya wai ya yi order ɗin kit na dafa giya, bokiti da tiyo da 'yar takardar yis, nan da sati biyu zai kira ni in ɗanɗana. Na ce masa Allah ya kai mu. Ni karatuna a aji huɗu ya tsaya, shi ma malamin ne ya fara gajiya kafin ni, saboda haka ba zan yi gardama da abin da aka rubuta a bayan kwali ba. Abin da ba a rubuta ba shi zan gaya muku.

Tukunyar farko da na juya ta Inna Kande ce, a ƙauyenmu kudu da Malumfashi. Mu Maguzawa ne. Sunana na gida Ranau, Yohanna kuwa mishan ne suka ƙara mini. Dafa giya aikin mata ne, amma Inna maza huɗu ta haifa, ni ne auta kuma ni ne rago a gona, sai ta ce tunda fartanya ta ƙi ni, bari a gwada muciya. A jiƙa dawa kwana ɗaya. A tsame, a baza a kan buhu a inuwa, a rufe da ganye, ana yayyafa ruwa safe da yamma har ta fid da farin gemu. Wannan shi ne tsiro. A shanya, a niƙa, a dama, a bari ya kwanta. A tsiyaye ruwan sama a ajiye, a dafa na ƙasa har ya yi kauri, a mayar masa da ruwansa, a bar shi ya kwana ya yi tsami. Washegari a tace, a sake ɗorawa a wuta tun hantsi har la'asar, a sauke ya huce. Duk wannan wahala, in ji Inna, jeren ɗaki ne kawai. Amaryar ba ta iso ba tukuna. Amaryar ita ce iri.

Iri shi ne farin lakar nan da ke kwantawa a gindin tulu bayan an shanye giya. Shi ake zubawa a sabuwar tukunya ta tashi. Ba a sayen sa. In naka ya mutu, sai ka ɗauki 'yar ƙwarya ka tafi gidan da aka dafa shekaranjiya ka roƙo, yadda ake roƙon wuta. Yana da doka biyu. Ba a godiya in an ba ka. Kuma wanda ya ɗauko iri ba ya gaisuwa a hanya, domin in ya buɗe baki iri zai bi maganar ya tare a gidan wani. Na sha ranƙwashi a wurin tsofaffin ƙauyenmu saboda wannan doka, har aka sa mini suna yaron Kande marar gaisuwa.

Da na zo nan London, aikin da na samu wankin tankuna ne, a wani ƙaramin gidan giya da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Shekara ashirin da 'yan kai na yi a ciki. Kayan aikina buroshi mai dogon hannu, tiyo, takalmin roba har gwiwa, da wani ruwan wanki mai cin fata in ka yi wasa. Maigidan, Bature mai jan gemu, ya ce mini ranar farko duk wanda bai iya wanki ba kada ya kusanci giya. Sai ka shiga tanki da rana tsaka, ƙarfe ya kewaye ka, tururi ya rufe maka ido, jirgi ya bi ta sama, tankin ya ɗauki gurnani. Sau da yawa nakan tsaya da buroshi a hannu, ina jin kamar dutsen niƙan Inna ne a bayan danga, har sai wani ya buga jikin tankin ya ce Johnny, ka mutu ne? Na ga sha'ir, na ga ganyen ɗacin da suke zubawa, na ga komai. Yis ɗinsu ne kaɗai ban taɓa gani ba. Yana wani ɗaki mai sanyi, mabuɗin na wuyan wata mata mai farar riga, kuma mai wanki ba ya shiga.

A gida kuwa, a nan Abbey Wood, council, wato ƙaramar hukuma, ta ba mu gida mai 'yar farfajiya a baya, na kafa shed ɗin nan. Tukunyar da kuke gani ta dafa shinkafar biki ce, uwargida Rifkatu ta yi mata ritaya. Murhun gas, rariya, farin ƙyalle na tata, muciyar da na sassaƙa da reshen itacen maƙwabci, ƙore shida da suka zo daga gida a cikin zanin surukata. Ba na sayarwa. Ku rubuta wannan da manyan baƙi ko da wani ɗan council zai karanta. Mutum yakan kawo dawa, ya dawo bayan kwana goma da jarka, don suna, ko aure, ko Kirsimeti, ko in an yi rashi.

Dawar kuwa a shagon Alhaji Seidu ake samun ta, a Woolwich. Mutumin Gana ne, tashin zangon Kumasi, kuma Hausarsa ba ta san mace ba. A bakinsa Hajiya ya tafi kasuwa, mota ya lalace, kaza ya yi ƙwai. Shekara da shekaru ina ɗaukar buhu a wurinsa, bai taɓa tambayata abin da nake yi da ita ba. Sai dai in zan fita ya ce, "Kunu kuma, ɗan'uwa?" In ce kunu, Alhaji. Ya girgiza kai ya ce gidanmu ana shan kunu. Matarsa Hajiya Memuna, ita ma Hausarta irin tasa ce, tana waina ran Asabar da Lahadi, layi har bakin titi, kuma ƙawar Rifkatu ce, tare suka yi aikin shara a asibiti.

An yi wata shekara da dawa ta ƙi tsira. Na jiƙa, na baza, na yayyafa, kwana biyar ba gemu sai wari. Na zubar na sake, haka. Na ce sanyi ne, na kwashe na kai kabad ɗin da tankin ruwan zafi yake, inda Rifkatu ke ajiye kayan aikinta. Dawa ba ta tsira ba, amma kayan aikin sun ɗauki ƙamshi, har shugabarta a asibiti ta kira ta gefe ta tambaye ta ko akwai damuwa a gida. Ashe buhunan shekarar an gasa su da zafi kafin a shigo da su, don kashe ƙwari, aka kashe har da ran dawar. Kirsimetin nan mutanenmu giyar gwangwani suka sha suna harara ta. Tun daga lokacin ba na ɗaukar buhu sai na fara naɗe ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma na ga nawa za su amsa.

Duk waɗannan shekaru da busasshen yis nake aiki, irin na burodi, wanda ake barbaɗawa. Kada ku ji na raina shi. Bai taɓa ba ni kunya ba. Kamar ma'aikacin agency yake, ɗan aikin wucin gadi: ya zo a kan lokaci, ya yi aiki, ya tafi, bai san sunan maigida ba. Kowa yana sha yana yabawa, ban da mutum ɗaya. Baba Tambai, tsohon direban bas, ɗan ƙasarmu, wanda ya riga mu duka zuwa London. Shi in ka miƙa masa ƙwarya ba baki yake fara kai ta ba, kunne yake kai ta. A gida da ranta ake shan giya, tana tsaka da tashi, tana raɗa a cikin ƙwarya. Sai ya saurara, ya saurara, ya sauke, ya ce, "Ranau, bebiya ce." Sannan ya shanye tas ya miƙo a ƙara. Na ce masa ai tana kumfa. Ya ce sabulu ma yana kumfa.

Bayan na yi ritaya na je wani shagon masu dafa giya a gida neman tiyo. Baturiyar da ke wurin ta tambaye ni da wane yis nake aiki. Da na faɗa mata, sai ta dafe ƙirji kamar na ce da omo nake miya. Ta buɗe firij ta ɗauko wata 'yar jaka mai sanyi, ta ce wannan na ruwa ne, da ransa yake, barci kawai yake yi. A ajiye shi a sanyi. Kwana biyu kafin dahuwa a tashe shi, a ba shi ɗan ruwan tsiro mai zaƙi ya ci ya hayayyafa, sannan a kai shi babbar tukunya. Na karɓa na taho gida. A hanya tausayi ya kama ni. Abu mai rai, a watan sanyi, a ce kuma a sa shi a firij? Ni da na san abin da sanyin ƙasar nan ya yi mini shekarar da na zo. Na naɗe shi a safa na ɗora a kan radiator, ƙarfen ɗumama ɗaki, ya kwana biyu ya ji daɗi. Da na zuba shi a ruwan tsiro, ko tari bai yi ba. Na koma na gaya mata. Ta ce ai na dafa shi.

Jaka ta biyu na bi doka. Na yanke bakinta na tsiyaye a kwalba, na ɗaga wa hasken taga. Farin laka ne, mai kauri kamar kindirmo, yana gangarowa a hankali. Na zauna a kan bokiti. Abin da aka kulle mini a ɗaki mai sanyi shekara ashirin, abin da mai farar riga ke rataye da mabuɗinsa, ashe gindin tulun Inna ne aka ɗinka wa riga.

Wannan dahuwar ta tashi da wani irin sauti da ban taɓa ji a shed ɗin nan ba. Na kai wa Baba Tambai har flat ɗinsa a Thamesmead. Ya kai kunne. Ya daɗe fiye da kullum. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya ce ta fara magana, amma Turanci take yi. Gaskiyarsa. Ƙamshinta na tuffa ne, ba tsamin gida ko kaɗan. Ya ce kamar jikokinsa take, tana jin Hausa tana amsawa da Ingilishi.

Sai na ce to, yaro ai a gida yake koyon harshe. Ban sake sayen jaka ba. In na gama dahuwa sai in kwashe gindin bokiti in zuba a wata farar roba mai murfi, in tura can ƙuryar firij, ina ciyar da shi ruwan tsiro duk sati. Daga wannan dahuwa zuwa waccan, tsami yana ƙaruwa kaɗan kaɗan. Wata takwas ina wannan makaranta. Da la'asar nakan jawo kujera kusa da bokiti, yayyafi na sauka a rufin shed, hazo na tasowa daga wajen kogi ya shafe dogayen gidajen Thamesmead ɗaya bayan ɗaya har ba abin da ya rage sai ni da bokiti. In ka kwantar da kunne a jikinsa, da farko za ka ji kamar ruwa a kan ganyen dawa. In ka ƙara haƙuri za ka ji kasuwa daga nesa, ranar Laraba, kafin ka hau tudu ka gan ta. Wata rana har na ji ana kiran awaki. Rifkatu ta ce barci ne. Ban yi musu ba, amma akuyar da na ji na san mai ita.

Ana nan sai 'yar Baba Tambai ta kira ni. Ƙafa ta ƙi, ido ya rage, likita ya hana shi hawa jirgin sama, saboda haka maganar komawa gida ta ƙare. Ta samar masa wuri a gidan kula da tsofaffi, can wajen gari, inda shayi ne da biskit. Ran Asabar za a taru a flat ɗin a yi sallama da shi. Ta ce abu ɗaya ya roƙa, a gaya wa Ranau ya kawo wadda ta iya Hausa, in kuwa ba ta iya ba ya bar ta a gida. Na ce mata ta gaya masa ya wanke kunne.

Ran Litinin da safe, tsiro ya bushe, an niƙa, na buɗe firij in tashi iri. Ba roba. Na juya, sai ga ta kife a kan kwandon kwanuka, an wanke ta wankin asibiti, tana ƙyalli.

Na ce wa Rifkatu, "Maman Ladi, ina abin da ke cikin robar nan?"

Ta ce, "Robar wa?"

Nan na san na faɗi shari'a tun ba a zauna ba, domin robar ƙullun wainarta ce na ɗauka ban tambaya ba. Ashe wata rana yis ɗinta ya ƙare, ta ga robarta a firij, ta shinshina, ta ji tsami irin na ƙullun kakarta, ta ɗauka ragowar nata ne ta manta. Ta ɗiba ta zuba. Wainar ta tashi kamar za ta bar tanda. Tun daga nan take ɗiba, ni kuwa ina ganin yana raguwa ina cewa yunwa ce ke sa shi cin kansa, ina ƙara masa abinci. Jiya ta ƙarar ta wanke. Na tambaye ta ko ta rage ƙullu ko cokali ɗaya. Ta ce wa ya cinye waina tara jiya?

Sabuwar jaka tana shago, amma wannan sai ta yi wata takwas kafin ta iya gaisuwa, ni kuwa kwana biyar gare ni. Ina tsaye da roba a hannu, sai Rifkatu ta ce, a hankali, kamar mai tuna inda ta bar tukunya a wuta, wai watanni uku da suka wuce ta ɗibar wa Hajiya Memuna kofi guda. Kuma Hajiya ba ta sake sayen yis ba, kullum tana rage gindin ƙullu ta tayar da na gaba. Muka kalli juna. Ta ce ita ba za ta je ba.

Na ɗauki ƙaramar ƙwarya na sa a jaka na hau jirgi, tasha ɗaya. Na tarar da Alhaji yana jera doya. Na ce masa na zo da magana mai nauyi, kuma kunun nan da nake ta yi shekara da shekaru ba kunu ba ne. Ya ce shi ma carbin da yake ja ba gyaɗa ba ce, in faɗi abin da ya kawo ni. Na faɗa. Ya ajiye doya. Ya kira Hajiya daga bayan shago, na sake faɗa a gabanta, kaina a ƙasa. Ta yi salati, ta zauna a kan buhun gari. Ta lissafo mutanen da suka ci wainar nan, har da limamin masallacinsu, wanda ya ce bai ci irinta ba tun da ya bar Tamale. Alhaji ya ce shi a ganinsa yis halittar Allah ne, ba shi da addini, kuma abin da ya bi ta wuta ya bi ta wuta, amma za su tambayi masu ilimi. Na ce duk abin da masu ilimi suka ce na yarda, ni dai cokali uku nake roƙo, saboda tsoho guda da ba zai sake ganin gida ba.

Hajiya ta ce ita ba za ta ba da ko ɗigo don a yi giya ba, kada in sake roƙo. Ta tashi ta shige. Na fara mayar da ƙwarya cikin jaka. Sai ga ta ta fito da kwano rufe da faranti, ta dire a gabana.

"Wannan na matarka ne. Shi ya ba ni aro. Ni ba na riƙe kayan mutane. Ka kai masa."

Godiya ta zo mini har leɓe, na haɗiye. Na juye a ƙwarya, na rufe, na fita ban ce uffan ba. Ina jin Alhaji a bayana yana cewa Katsinawa ba su da tarbiyya.

In don dokar rashin gaisuwa ce, London aka gina don ɗaukar iri. Shekara nawa ina shiga jirgin nan ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Amma ranar, ina fitowa daga tashar Abbey Wood, sai ga matar fasto da jakunkunan cefane, ta washe baki, Baban Ladi ina kwana, ya gida, ya ƙafa. Na kalle ta ido cikin ido, na rungume ƙwarya, na wuce. Kafin in isa gida ta kira Rifkatu ta ce a duba ni, kamar shanyewar jiki ce ke son kama ni.

Ƙullun shinkafa ne, ba a zuba shi a tukunya haka nan. Na ɗiba na sa a ruwan tsiro mai ɗumin jiki, na bar shinkafar ta kwanta, na tsiyaye na sama a sabon ruwa. Talata shiru. Laraba da hantsi 'yan ƙwayoyin kumfa suka fara hawowa ɗaya ɗaya, kamar masu leƙen ko gidan da suka sani ne. Na sake ciyarwa. Alhamis na dama na bar shi ya kwana, Juma'a na tace na dafa, ya huce, na zuba iri da yamma. Asabar da safe tun daga ƙofar kicin nake jin bokiti.

Flat ɗin ya cika, an kwashe hotuna daga bango, akwatuna a jere. Baba Tambai na kan kujerarsa da bargo a gwiwa. Na zuba masa a ƙwaryar da ya saba. Ya sa yatsa ya murɗa na'urar ƙara ji da ke kunnensa har ta yi ƙara, ya ce kowa ya yi shiru, har jikoki. Ya ɗaga ƙwarya da hannu biyu ya kai kunne, ya rufe ido. Ya daɗe har 'yarsa ta matso ta ga ko barci ne. Leɓensa na motsi kamar mai amsa gaisuwa. Sannan ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye.

"Ranau."

"Na'am, Baba."

"Hausa take yi." Ya sake kai kunne, ya ɗaure fuska. "Amma wa ya koya mata? Ta ce mini Inna ya gaishe ka."

Sau uku aka cika masa ƙwaryar. Da za a fita da shi ya hana a wanke ta, ya sa a cikin bargo ya tafi da ita.

Irin yana nan, a robar da na saya da kaina, na rubuta sunana a murfi da a gindi. Kai mai kit, in 'yar takardarka ta ƙare, ka zo da ƙwarya, ba kofin roba ba. Zan ɗibar maka cokali uku. Kada ka gode mini. In kuma ka gamu da matar fasto a hanya, wannan tsakaninka da ita ne.